Ba ni da ranar da zan nuna, shin na sami ceto kuwa?

Rifkatu: Salama a gare ku 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana huɗu ke nan abin yana cina a rai. Makon jiya aka yi taron falkaswa a ekklesiyarmu nan Tudun Wada. Daren Juma'a baƙon mai wa'azi ya ce duk wanda ba zai iya faɗin rana da wata da shekarar da ya karɓi Yesu ba, to ya daina ruɗin kansa, bai sami ceto ba tukuna. Har sau uku ya maimaita. Ina zaune a layin mawaƙa, sai na ji jikina ya yi sanyi, domin ni ba ni da wannan rana.

A gidan masu bi aka haife ni. Kakana mai bishara ne, babana dattijon ekklesiya har ya rasu. Ban san lokacin da na fara addu'a ba, na dai buɗe ido na gan mu durƙushe a tabarma da asuba, cikin sanyin Jos, Baba yana karanta Zabura da fitilar ƙwai. Na yi ajin baftisma wata shida, aka yi mini baftisma a rafi ina shekara 15. Daren nan da na koma gida na buɗe akwati na ciro katin baftismar, har ya yi ja don tsufa, na zura masa ido. Kwanan wata yana nan a rubuce, amma ni na san ba ranar na fara ba da gaskiya ba. Yanzu shekarata 36, 'ya'yana uku, ina koyar da yara a makarantar Lahadi. Ina ƙaunar Yesu, ban san wani Mai Ceto ba sai shi. To amma in maganar mutumin nan gaskiya ce, ina matsayina? Don Allah ku gaya mini gaskiya, kada ku lallashe ni.

Lami: Ina biye. Ni ma tambayar tawa ce.

Istifanus: Yaya Rifkatu, tunda kin ce kada a lallashe ki, ni ina bayan mai wa'azin. Ni ma ɗan gidan masu bi ne, na yi Boys' Brigade, na iya waƙoƙin littafi da ka. Duk wannan bai hana ni zama ɗan goskolo ba. Bayan an hana acaɓa a cikin gari na koma keke, abin da na samu daga Terminus zuwa Farin Gada kafin magariba ya ƙare a kwalba. Matata ta kwashe yara ta koma gidansu sau biyu. Wata Asabar a watan Agusta na 2013 na farka a bakin kwata, ruwan sama ya jiƙa ni sharkaf, babu waya, babu makullin keke. 'Yan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai sun fito wa'azin safe, wani tsoho a cikinsu ya tsaya, ya cire rigar sanyinsa ya yafa mini. Bai zage ni ba. Ya zauna a kan dutse kusa da ni, ya gaya mini cewa Yesu ya mutu saboda irina, ba saboda masu tsabta ba. Na sha jin wannan magana tun ina yaro, amma ranar ce ta shiga. Na yi kuka kamar ƙaramin yaro, na tuba. Kwanan watan yana rubuce a bangon Littafi Mai Tsarkina. Mutum zai fito daga mutuwa zuwa rai kuma ya ce bai san lokacin ba? Ni dai abin yana mini wuyar ganewa.

Hannatu: Yabo ga Ubangiji saboda kai, Istifanus. Amma ka ga kai daga kwata aka tsamo ka, dole ka tuna. Ita fa ba ta taɓa shiga ba.

Istifanus: Kowa a kwata yake, Hannatu. Romawa 3:23. Wani tasa a fili, wani tasa a zuci.

Mama Saratu: 'Yata Rifkatu, kwantar da hankalinki ki saurare ni. Shekarata 31 a Zumuntar Mata, na ga masu rana na ga marasa rana. Buɗe Markus sura 4 daga aya 26. Ubangiji da kansa ya ce mulkin Allah kamar mutum ne da ya yafa iri a ƙasa, yana kwana yana tashi, iri ya tsiro ya yi girma, shi kuwa bai san yadda aka yi ba. Mu da muka noma acca mun san haka. Ka yafa ta, ka tafi gida, wata safiya ka zo ka tarar gona ta yi kore. Wane dare ta fasa ƙasa? Babu mai gaya maka. Amma ba wanda zai tsaya cikin acca har gwiwa ya ce ba ta tsiro ba don ba a rubuta daren ba. Babanki na san shi, ya yafa iri a gidan nan da hawaye.

Dauda: Mama, da girmamawa, ina tsoron kada mu yi saurin ba da tabbaci. Ina karatun tauhidi a Bukuru, wannan batu mun sha tattauna shi. Mu a Filato yanzu jikoki ne da tattaɓa kunnen masu bi na fari. 'Yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) sun sauka ƙasar nan a 1893, su uku, Gowans da Kent suka mutu a 1894, Bingham kaɗai ya rage. 'Yan mishan na SUM (Sudan United Mission) kuma suka kafa zangonsu na fari a Wase a 1904. Kakanninmu da suka ba da gaskiya a wancan zamani sun san ranarsu sarai, domin ranar suka ƙone layu, ranar aka hana su cin abinci a kwano ɗaya da dangi, waɗansu aka ƙwace musu mata. Bi yana da tsada, ba a shiga da wasa. Mu kuwa mun tarar da ekklesiyoyin ECWA da COCIN da gine-gine da makarantu, suna ma tun daga zanen suna an ba mu na Littafi. Sai muka ɗauka barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A gona haka ne, a ceto ba haka ba ne. Ana gadon fili, ba a gadon maya haihuwa, wato sake haihuwa ta ruhu. Nikodimu malami ne a Isra'ila, dattijo mai daraja, shi Yesu ya ce wa dole a sake haifarsa. Shi ya sa aka fara Sabon Rai Don Kowa a shekarun 1960, kuma ba na waje kaɗai aka nufa ba, har da waɗanda ke cike da kujerun majami'a. Ban ce Yaya Rifkatu ba ta da ceto ba. Cewa nake mai wa'azin yana harbin wani abu na gaske, ko da kibiyar ta kauce.

Bitrus: Wane fasto ne wannan? A faɗi sunansa mu san shi.

Iliya (mai kula da zaure): Ba za a faɗi sunan kowa ko na ekklesiya a nan ba. Magana muke bi, ba mutum ba. A ci gaba.

Nuhu: Bari in sa baki, domin ni ba jikan kowa ba ne a bangaskiya. Bamaguje ne ni daga ƙasar Kano, a gidanmu akwai ɗakin tsafi, na ga babana yana yanka baƙin bunsuru kafin shuka. Na zo Jos neman kuɗi ina saurayi, ina dako a kasuwar tumatir ta Farin Gada. Wani abokin aikina ya ba ni Sabon Alkawari na Hausa, da shi na ƙarasa koyon karatu. Abin da ya fara kama ni shi ne Allah yana magana da harshen uwata. Daga baya na ji labarin Likita Miller na Zariya da masu bin Wusasa, da yadda aka fitar da Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa a 1932, na ce ashe ba ni ne Bahaushe na fari a hanyar nan ba, ko da yake har gobe a Jos in na ce ni Kirista ne sai an sake kallona.

To ɗan'uwa Dauda, ka ce na fari sun san ranarsu. Ni na fari ne a gidanmu, amma ba ni da rana. Shekara uku na yi ina jan ƙafa. Ina zuwa sujada ranar Lahadi, laya tana ɗaure a damtsena ƙarƙashin riga. Na cire ta na sa a aljihu. Daga aljihu ta koma ƙarƙashin katifa. Wata rana ina share ɗaki na gan ta, fatar ta bushe ta tsage, na ga ba na jin tsoronta ko kaɗan, na jefa a murhu na ci gaba da shara. Wace rana zan rubuta? Ranar da na karɓi littafi, ko ranar da na fara addu'a cikin sunan Yesu a ɓoye, ko ranar murhu? Abin da na sani, da ina tsoron iskoki ina ba su jini, yanzu jinin Almasihu ya ishe ni.

Dauda: Baba Nuhu, na karɓi gyara. Na yi jimla da yawa.

Istifanus: Amma Baba Nuhu kun ga canji. Kuna da "da" kuna da "yanzu". Abin da nake nufi ke nan.

Ladi: Ni matsalata kishiyar ta Rifkatu ce. Ranaku gare ni har shida. Duk falkaswar da aka ce a fito gaba sai na fita, tun daga sansanin 'yan mata ina aji biyu na sakandare. In na yi faɗa da miji ko na yi ƙarya a shago, sai in ji kamar ceton ya zube, in jira wani taro in sake karɓa. Na gaji. Wanne ne na gaskiya a ciki?

Baba Fasto Ayuba: 'Ya'yana, salama. Jikata ce ta karanta mini duk abin da kuka rubuta, idanu sun yi rauni, ita take buga mini wannan. Na yi shekara 38 ina aikin ekklesiya kafin in huta, tambayar nan ta zo ofishina fiye da yadda zan ƙirga.

Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 16, mutum uku suna nan a sura ɗaya. Akwai mai tsaron kurkuku a Filibi. Tsakar dare, girgizar ƙasa, ƙofofi a buɗe, ya zare takobi zai kashe kansa, ya faɗi yana rawar jiki yana tambayar abin da zai yi ya tsira. Wannan shi ne Istifanus, kuma mun gode wa Allah. Akwai Lidiya, 'yar kasuwa, tana zaune a bakin kogi wurin addu'a tana sauraro, Ubangiji ya buɗe zuciyarta, shiru, babu girgiza. Sa'an nan a farkon surar akwai saurayi Timoti. Ku nemo mini ranar tubar Timoti a Littafi, ba za ku samu ba. Abin da Bulus ya rubuta masa shi ne bangaskiyar nan marar riya ta fara zama cikin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki, kuma ya tabbata tana cikinsa shi ma, ya kuma san Littattafai tun yana jariri. Ku lura, bai ce ya gada ba, ya ce tana cikinsa. A nan Dauda yana da gaskiya, Saratu ma tana da gaskiya.

Mai wa'azin nan ban san shi ba, ina zaton da kyakkyawar niyya ya yi magana. Amma ya ɗora wa mutane kayan da Littafi bai ɗora ba. Afisawa 2:8 da 9 sun ce ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, baiwar Allah ce, ba ta ayyuka ba. In muka ce sai da kwanan wata, mun mai da tunawa ta zama aiki. Na yi jana'izar tsofaffin da a ƙarshe ba su gane 'ya'yansu ba, balle wata rana a 1960. Ceton nasu ya tafi tare da tunaninsu? Wanda ya riƙe su bai manta ba.

Rifkatu 'yata, ba zan tambaye ki jiya ba. Yau, in aka ce ki tsaya gaban Allah, da me za ki dogara? In amsarki katin nan ne na cikin akwati, ko kakanki mai bishara, ko rigar mawaƙa, to ki ji tsoro, ki zo mu yi addu'a. In amsarki Yesu ne da ya mutu domin zunubanki ya tashi, kina kuma shaida shi da bakinki, to Romawa 10:9 taki ce.

Ladi, ke kuma ki karanta Yohanna 6:37 da 10:28. Wanda ya zo gare shi ba zai kore shi ba, ba kuwa mai ƙwace tumakinsa daga hannunsa. Ɗa in ya yi laifi a gida ba a sake yi masa zanen suna, gafara yake roƙo. Abin da kike bukata bayan faɗa da miji shi ne 1 Yohanna 1:9, a ɗakinki, a daren, ba jiran baƙon mai wa'azi ba.

Ladi: Baba na gode. Ban taɓa jin an raba mini su haka ba.

Bitrus: To Ibraniyawa 6 fa? Ba ta ce mutum zai iya faɗuwa ba?

Iliya (mai kula da zaure): Bitrus, wannan babbar muhawara ce tsakanin ekklesiyoyi, mu buɗe mata nata zaren gobe. Kada mu bar Rifkatu a tsaye.

Hannatu: Ni abin da ke ƙona mini rai, ana ta maganar rana ana barin 'ya'ya. Ina sayar da hatsi, na san masu rana da wata da shekara, har da sa'a, amma mudunsu na saye daban na sayarwa daban, an bubbuga gindinsa ya shige ciki. Zakka da ya karɓi Yesu a gidansa bai ce a rubuta kwanan wata ba, cewa ya yi rabin dukiyarsa na matalauta, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Yaƙub ya ce bangaskiya in babu ayyuka matacciya ce. A duba mudu.

Istifanus: Wannan kam ban musa ba. Ni ma sai da na bi mai keken da na ci wa kuɗin balas na biya shi, wata bakwai ina biya.

Rifkatu: Na karanta duka, wasu sau biyu. Baba Fasto, amsar tambayarku ba ta yi mini wuya ba. Ba kati ba ne, ba Kaka ba ne. Yesu ne, ba ni da kowa sai shi. Da na faɗa da bakina a ɗaki ni kaɗai sai hawaye.

Amma maganar Hannatu ta taɓa inda ban so a taɓa ba, kuma tunda na fara gara in ƙarasa. Ruwa ba ya tsami banza. Na sha jin wa'azi irin wannan bai dame ni ba, me ya sa na bana ya hana ni barci? Shekara huɗu ke nan ba na magana da yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Bayan rasuwar Baba ya sayar da filin da Baba ya ce na mu mata ne, bai gaya wa kowa ba, sai gani muka yi ana zuba bulo. Na rantse ba zan sake taka gidansa ba. Yana Bukuru, ina Tudun Wada, mota ɗaya ce tsakaninmu. Matarsa ta haihu ban je ba. Bara ya yi ciwo har aka kwantar da shi, na aika ɗana da lemo, ni ban je ba. Duk ranar Jibin Ubangiji ina karɓar gurasar nan hannuna yana rawa. Ina koya wa yara addu'ar Ubangiji, in mun kai wurin gafarta wa masu yi mana laifi sai in rage murya. Ina jin ba rana na rasa ba. Tsoro nake kada wannan ƙiyayya ta zama shaidar cewa ban taɓa zama ta Yesu ba.

Mama Saratu: Wayyo 'yata. Shekara huɗu kina ɗauke da wannan ke kaɗai.

Baba Fasto Ayuba: Rifkatu, ki ji da kyau don kada ki fita daga rami ɗaya ki faɗa wani. Zuwa Bukuru ba shi ne kuɗin cetonki ba, an riga an biya a kan gicciye. Amma wannan rawar hannu da kike ji, wa kike tsammani yake sa ta? Gawa ba ta jin tsinin allura. Na ga mutanen da suka yi shekara ashirin suna gaba da 'yan'uwansu suna cin Jibi hankali kwance, su nake ji wa tsoro. Ke Ruhu Mai Tsarki bai bar ki kin huta ba, domin ke tasa ce. Sai dai kada ki mai da wannan abin jingina ki zauna. Matiyu 5:23 da 24 a fili suke: ki bar baikonki a gaban bagade, ki je ki shirya da ɗan'uwanki tukuna. Kuma gafara ba ta nufin abin da ya yi daidai ne. Ya ci hakkinku, maganar fili a zauna da dattawan dangi a yi ta a gaskiya. Ki je ki gaishe shi, ki ga jaririn, wannan shi ne na farko.

Nuhu: Ni sai bayan shekara tara babana ya sake cin abincin hannun matata. Duk Kirsimeti ina aika masa shinkafa da nama yana mayarwa, har shekarar da kwanon ya dawo babu komai a ciki. Ki je ko bai sake miki fuska ba.

Istifanus: Yaya Rifkatu, ki yafe mini in maganata ta farko ta ƙara miki nauyi. Har yanzu ina ganin yana da kyau mutum ya sami ranar da zai nuna wa Shaiɗan in ya zo da shakka, ni ta taimake ni sau da yawa. Amma ba zan ƙara cewa marar rana ba shi da ceto ba, Baba Nuhu ya rufe mini baki.

Rifkatu: Babu komai ɗan'uwana, shaidarka ta ƙarfafa ni. Na kira matar yayana yanzu, ta ɗauka, muka yi shiru mu biyu kafin ta ce "Anti, ke ce?" Ta ce yana gida ranar Asabar. Ban san abin da zan ce masa ba, ƙirjina sai bugawa yake. Ku sa ni a addu'a.

Mama Saratu: Ba za ki tafi ke kaɗai ba. Ki same ni a Terminus ƙarfe tara, wajen masu motar Bukuru. Ki sayi sabulu da zane na mai jego, ko da yaron ya fara tafiya. Ni zan dafa gwate in riƙo.

Lami: Mama, in akwai wuri ni ma zan bi ku. Ina so in yi magana da ku a hanya.